Yadda Tobo Ya Kwanar da Mu a Matamaye

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A gareji ana tambaya, a masallacin layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ana tambaya, har masu adaidaita da ke kawo mini gyara sai sun kashe inji sun ce, "Oga Rabi'u, wai da gaske motar makanike ce ta lalace a ƙasar mutane?" Da gaske ne. Na ba mutum goma labari, sai na ji ya zagayo ya dawo mini da ƙari, wai inji ya kama da wuta, wai raƙumi ne ya ja mu zuwa gari. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta Baba Ilu ce. Shi ya koya mini gyaran mota, kuma rabin makanikan Tarauni ta hannunsa suka bi, ko ta hannun wanda ya koya wa. Asalinsa mutumin Damagaram ne, ya shigo Kano yana saurayi a bayan wata babbar mota, ya zauna. Yanzu ya haura saba'in, yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwar mutum ya gane shi da murya. Wata ranar Talata 'yarsa Asabe, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta zo gareji ta same ni. Ta ce an bugo waya daga Damagaram, yayar Baba, Inna Kande, tana kwance, kuma ta ce a kira mata Ilu.

"Shekara goma sha tara rabonsa da can," in ji Asabe. "Ban san abin da ya haɗa su ba, ba ya faɗa. Amma jiya ya ce in nemo ka."

Na ce motata tana nan, jibi mu kama hanya.

Motar tawa 'yar kwatano ce mai ƙaramin inji da tobo. Ga wanda ba makanike ba, tobo wani ƙarfe ne mai kamar dodon koɗi da ke manne a gefen inji. Hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya tura iska cikin inji, mota ta yi ƙarfi. Zafin da yake ɗauka ba kaɗan ba ne, don haka akwai siraran bututun ƙarfe da ke kawo masa ruwa daga lagireto suna sanyaya shi. Ina alfahari da motar nan. Sati uku kafin tafiyar ni da kaina na kwance tobon na wanke na mayar.

Muka ɗauki Baba a gidansa na Darmanawa bayan sallar asuba. Asabe ta cika but ɗin motar da tsaraba: taliya, man gyaɗa, sabulu, turmin atamfa biyu. Baba ya zauna a gaba da sandarsa tsakanin ƙafafu. A Kazaure muka sha koko da ƙosai. Daga nan har Daura carbi kawai yake ja.

A iyakar Kwangwalam ba mu sha wahala ba, takardun mota da namu duk a cike suke. Asabe ce dai ta ba mu dariya. Kwana biyu tana haddace gaisuwar Faransanci a waya, da muka isa wurin jami'in Nijar ta gyara murya ta zuba masa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Lahiya lau, Malama. Ina gajiya?" Ya karɓi tsohon katin shaidar Baba, ya dubi hoton wani saurayi mai gashin baki, ya dubi tsohon da ke zaune.

"Baba, ina zuwa?"

"Gida," in ji Baba.

Shekara ashirin da biyar ina tare da shi, ban taɓa jin ya kira wani wuri gida ba sai Darmanawa.

Kaka ce, ana yankan gero. Amalanken shanu sun fi motoci yawa a hanya, kowace an ɗora mata dammuna har sun rufe mai korar. Abin da na fara lura da shi, can ba a gaggawa. In ka tsaya tambayar hanya, sai an tambaye ka gida da iyali da gajiya kafin a nuna maka. A Zoo Road in ka tsaya irin wannan gaisuwa, na bayanka ya cika maka kunne da oda.

Saura kaɗan mu shiga Matamaye, wajen azahar, Baba ya ɗaga kai ya ja hanci.

"Rabi'u, tsaya."

"Lafiya, Baba?"

"Ba ka jin wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi? Ruwan lagireto ne yake ƙonewa a kan ƙarfe."

Na dubi allurar zafi, ta ɗan haura tsakiya. Na gangara gindin wata darbejiya na kashe mota. Ina ɗaga bonet sai ga tururi siriri yana tashi daga bayan inji, daidai wurin tobo. Saboda ruɗewa na kai hannu zan buɗe murfin ruwa, sai na ji sanda a kan yatsuna. Ban san yadda ya gani ba.

"Fuska nawa gare ka?" ya ce. "Tururi zai ƙona ka. Zauna ta huce."

Muka yi sallah a nan, muka jira. Da ta huce na ƙara ruwa daga jarka, muka lallaba a hankali, sau biyu ina tsayawa ina ƙarawa, har muka shiga gari. Aka nuna mana garejin wani Lawali, ƙarƙashin rumfar kwano kusa da tasha. Mutum ne gajere mai fara'a, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Mun yi minti biyar muna magana kafin mu gane juna. Na ce ya ba ni sifana, ya tsaya yana kallona. Ashe su kile suke cewa. Ya tambaye ni tun yaushe muka yi fan, na ce fanka lafiyarta ƙalau, ashe lalacewar mota yake nufi. Hausa ɗaya muke yi, amma mu Bature ɗaya ya ba mu sunayen ƙarfe, su wani daban.

Na haska wurin da fitilar waya. A inda bututun ruwa ya haɗu da jikin tobo, bakinsa zobe ne, kuma wani noti mai rami a ciki ke ratsa zoben ya ɗaure shi, ruwa na bi ta cikin ramin. Sama da ƙasan zoben akwai washa biyu na jan ƙarfe, su ke hana yoyo. A nan na ga wani fari-fari ya daskare kamar kanwa, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin kan notin.

Lawali ya ce, "A ƙara matse shi kawai."

"Kar ka soma," in ji Baba daga kan benci. "Cikinsa rami ne. In ya karye a jikin tobo, sai dai ku nemo mana gidan haya a garin nan. Ku zuke ruwan, ku kwanto shi."

Muka tara ruwan a roba, na kwance notin, na zuba shi da washa biyun a tafin Baba. Ya bi su da farcen babban yatsa a hankali, kamar mai karanta rubutu. Ya juya ɗaya, ya sake juyawa.

"Wannan an taɓa ɗaure ta, an kwance, an sake ɗaurewa. Ta taurare. Wannan kuma ga tsagu nan. Wa ya taɓa tobon nan?"

"Ni ne, Baba."

"Sababbi ka sa?"

Na ce a'a. Ranar da na mayar da tobon Juma'a ce, lokacin masallaci ya matso, wurin masu kayan gyara da nisa. Na duba tsofaffin na ga kamar ba abin da ya same su, na mayar. Abin da tun ina shekara sha shida yake gaya mana kar mu yi ke nan: washar jan ƙarfe sau ɗaya take aiki. Na so ya yi mini faɗa a gaban Lawali in huta. Bai yi ba. Miƙo mini su kawai ya yi, ya ce, "To."

Lawali ya juye gwangwaninsa na tarkace a kan buhu. Na babur sun yi ƙanana, na manyan motoci sun yi faɗi. Muka zaga shaguna uku a kan babur ɗinsa, babu. Ya ce a naɗa zare da gam, Baba ya ce zafin tobo zai cinye shi kafin mu kai Kance. Can sai Lawali ya ce akwai wani Buzu maƙerin azurfa, Agali, ba abin da ba ya fitarwa daga ƙarfe. Sai dai ya tafi cin kasuwar ƙauye, ba zai dawo ba sai faɗuwar rana, kuma ba ya hura wuta bayan magariba.

Ana cikin haka wayar Asabe ta yi ƙara. Ta koma gefe ta amsa, ta dawo fuskarta a sauye. Ta durƙusa kusa da mahaifinta.

"Baba, sun ce tun jiya ba ta ci komai ba. Ga motocin haya nan a tasha. Mu tafi ni da kai, Yaya Rabi'u ya same mu gobe."

"Ba na barin mota a hanya," ya ce.

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ba wanda ke musu da Baba Ilu in ya yi irin wannan murya.

Lawali bai tambaye mu ko muna da masauki ba, kayanmu kawai ya ɗauka. Asabe ta shiga wurin matarsa, mu aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, da dambu mai zogale da yawa har ya fi tsakin. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dadashi, amma in ka saba ba ka son na leda. Sai shayi. Mu a Kano babban kofi muka sani, da madara, ka shanye ka tashi. Can ɗan mitsitsin gilashi ne, mai ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na yi godiya zan miƙe, Lawali ya riƙe mini riga, ya ce saura biyu, wanda ya sha na fari ya tashi ya raina mai gida. Na biyu ya fi sauƙi, na uku kuwa zaƙi zalla.

Da asuba, muna dawowa daga masallaci ina riƙe da hannun Baba, sai ya tsaya a bakin zaure.

"Ban yi barci ba," ya ce. "Ka san abin da ya raba ni da Yaya?"

Na ce a'a.

"Lokacin da innarmu ta kwanta ciwon ajali, saƙo ya same ni a hanyar Lakwaja, ina ƙarƙashin wata tirela da na sauke wa giya ina gyara. Na ce bari in haɗa ta tukuna, kwana biyu ne. Da na iso an yi kwana uku da binne ta. Na shiga gida cike da masu gaisuwa, Yaya ta ɗago ta dube ni, ta ce, 'Ka gama gyaran motar?' Shi ke nan abin da ta faɗa. Na kwana ɗaya na juya, ban sake komawa ba."

Ya gyara riƙon sanda.

"Jiya da na ce wa Asabe ba na barin mota, sai na ji bakina ya yi ɗaci. Ba motar ba ce, Rabi'u. Da ta lalace har wani sanyi na ji a raina. Tsoron shiga gidan nan nake yi. In hantsi ya yi ba ku gama ba, ka sa ni a motar haya."

Na ce, "Za mu gama, Baba." A raina kuwa ina lissafin cewa in muka tarar da abin da muke tsoro, ragwancina na ranar Juma'a ne ya jawo.

Gari na wayewa Lawali ya kai mu wurin Agali. Dogo ne siriri, da rawani baƙi ya rufe baki. A ƙasa yake aiki, uwar maƙerarsa ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, an kafe ta a gungume. Zobba da 'yan kunne na azurfa suna jere a kan fata. Lawali ya yi masa bayani, ya karɓi notin da tsohuwar washar ya jujjuya.

"Zobe ne," ya ce. "Sai dai ba na yatsa ba."

Ya ɗauko wani ɓallin jan ƙarfe da yake yi wa zobba ado da shi, ya buga shi har kaurinsa ya yi daidai da na tsohuwar. Ya huda tsakiya, ya dinga faɗaɗa ramin da magagari yana gwada notin, har ya shiga ba tare da wasa ba. Ya yanke gefen ya zagaye shi. Sannan ya taɓa zuga-zugi, ya sa ƙarfen cikin garwashi da awartaki sai da ya yi ja, ya tsoma a ruwa. Baba na jin ƙarar ya gyaɗa kai, ya ce mini, "Ka ji? Yanzu ta yi laushi. In ka matse ta za ta kwanta ta cike duk wata kafa." Daga ƙarshe Agali ya zuba ruwa a kan wani dutse mai sulɓi, ya goga kowace fuska a kai yana zagayawa, har ta yi sumul. Ya miƙa wa Baba. Baba ya shafa, ya sake shafawa.

"Wa ya koya maka aikin mota?"

"Ban taɓa buɗe mota ba," in ji Agali. "Amma na san abin da ruwa ke nema."

Biyu muka nema, huɗu ya yi mana. Ya ce hanya ba a tafiya da ƙwaya ɗaya.

A gareji na goge fuskar tobon da bakin bututun da lallausan samfefa har duk daskararren nan ya fita, na hura ramin notin na tabbatar ba toshiya. Washa ɗaya a ƙasa, zoben bututu, washa ɗaya a sama. Na juya notin da yatsu har ya zauna. Na ɗauka Baba zai ce a ba Lawali, sai na ji ya ce, "Kai za ka ɗaure. In ka ji ta kama, ƙara kaɗan ka ji ta kwanta, sai ka cire hannu." Na ja sifanar a hankali. Akwai wani ɗan laushi da hannu ke ji in jan ƙarfe ya ba da kai. Na ji shi, na tsaya.

Muka tace ruwan da ƙyalle muka mayar, muka cika. Na tayar da inji murfi a buɗe, ina matsa babban tiyo, kumfar iska na fitowa har ta ƙare, sannan na rufe. Muka jira fanka ta tashi ta tsaya, ta sake tashi. Asabe ta yago takarda daga littafinta, na zura ta ƙarƙashin notin na riƙe, na zaro. A bushe. Na sa wa Baba a hannu ya murza.

"Mu tafi," ya ce.

Matar Lawali ta cika mana kwano da fura, shi kuma ya bi mu a babur har bayan gari kafin ya juya. Muka wuce Kance, muka hau babban titi a Takeita. Idona ɗaya na kan hanya, ɗaya na kan allura, ba ta motsa daga tsakiya ba. Kafin azahar manyan duwatsun Damagaram suka bayyana. Cikin tsohon gari lunguna sun yi wa mota ƙunci, muka ajiye ta muka taka. Baba da ba ya gani shi ke gaba, yana cewa nan dama, nan hagu, yana shafa katangu.

Mun same ta da rai. Tana kwance a kan katifa a ƙasa, tsohuwa ƙarama, jikokinta mata biyu na gefenta. Baba ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa.

"Ilu."

"Na'am, Yaya."

"Ka tsufa."

"Ni ba na ganinki sosai," ya ce. "A wurina kina nan yadda na bar ki."

Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Ta buga gefen katifar da tafin hannu, ya lalubo ya zauna. Ba wanda ya ambaci abin da ya wuce, aƙalla ba a gabanmu ba. Asabe ta ja ni muka fito tsakar gida. Da la'asar aka ce ta sha kunu rabin kofi, shi ya riƙe mata.

Kwana uku muka yi. Na ci kilishin da ya sa na daina yabon namu, na ga kasuwar fata, na sha shayi sau uku-uku har na fara jiran na farkon. Inna Kande ba ta warke ba, amma ta fara zama a jingine, tana aiken mutane, tana gyara wa kowa magana. Da safe in na shigo sai in tarar da su biyun suna musu a kan sunan wata rijiya, ko wace shekara fara ta cinye gero.

Ranar komawa na duba ruwa da mai, na juyo da mota bakin lungu. Asabe ta fito da jakarta. Baba ya fito bayanta da sandarsa kawai.

"Baba, ina jakarka?"

"Tana ciki. Ku tafi."

Asabe ta ajiye tata jakar a ƙasa. Ta ce maganin hawan jininsa na sati biyu ne kacal, ta ce likitan ido ya ba shi rana a wata mai zuwa, ta ce ɗakin da aka ba shi ko fanka babu. Ya bar ta ta gama.

"Magani akwai shi a nan ma," ya ce. "Likita kuma ya jira. An daɗe ana jirana a gidan nan fiye da shi."

Ta fara share ido da bakin mayafi. Ya lalubo kanta ya dafa, ya yi mata addu'a, ya juyo wajena zai yi magana. Sai muka ji murya daga cikin gida, siririya amma ba ta rawa.

"Ilu, kununka na hucewa."

Mutumin da in ya shigo gareji a Tarauni manyan makanikai masu furfura ke miƙewa tsaye, sai ga shi ya ce, "Ga ni nan, Yaya," ya juya da sauri yana laluben bango. Ko sallama bai yi mana ba.

Muka tsaya a lungun har muka daina jin ƙarar sandarsa. Sannan Asabe ta ɗauki jakarta, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna.